Ɗanmaliki Mai Gaida Kwamfutar Kano

Duk wanda ya ce Karaye ba ta ci gaba ba, bai taɓa ganin Injiniya Ɗanmaliki yana ratsa tsakar ofis da safiyar Litinin ba. Allah ya yi masa baiwar tafiya. Ba ya sauri, don sauri na masinja ne. Kwat ɗinsa mai ruwan toka ba ta san akwai wani lokaci wai shi bazara ba. A aljihun gabanta biro huɗu ne a jere, uku daga ciki ba sa rubutu, amma suna yin aikin da aka ɗauke su dominsa, wato a gan su. A wuyansa kuma akwai igiya mai ɗauke da mabuɗi ɗaya tak, mabuɗin ɗakin kwamfuta.

Injiniyancin nan bai same shi a banza ba. Kwas ya yi na sati shida cur a Kano, cikin 1991. Mahassada na cewa sati biyar ne, wai zazzaɓi ya cinye na ƙarshe, amma mahassada ba su da satifiket a bango. Ma'aikatan ofis suna kiransa Limamin Kwamfuta, saboda ba a shiga ɗakin da takalmi, kuma idan ya zauna a gaba ba mai tari a bayansa. Direbobin tasha kuwa Kano-ta-san-ni suke ce masa, don da wannan kalmar yake samun kujerar gaba a kowace mota.

Ofishin na Shirin Garke Lafiya ne, masu yi wa shanu allurar rigakafin ciwon huhu. A hedikwatarsu da ke Kano akwai wata uwar kwamfuta da ta cika ɗaki guda, a cikinta rumbun bayanan shanun yankin yake. Abin da rumbun ya ce, shi ake bi wajen rabon allura. A Karaye kuwa ƙaramar kwamfuta ce ta kan tebur. Tsakaninsu layin tarho ne da wata manhaja da ma'aikata suka raɗa wa suna Gada, saboda hoton da ke jikin kwalinta.

Gada bugu na farko, sai mai haƙuri. Allo baƙi, rubutu kore. Sai ka buga umarni layi goma sha ɗaya, kada ka kuskure ko ɗigo. In layin tarho ya yanke, ka koma farko. Aikin yini ne, kuma a duk faɗin Karaye mutum ɗaya ne ya haddace layukan nan. Ranar aikawa sai a kashe rediyo, a kori awaki daga gindin taga, mai shayin bakin ƙofa ma ya rage murya.

A nan ne tarbiyyar Injiniya ta fito fili. Wani da zai zauna ya watsa wa Kano lambobi kamar mai watsa wa kaji tsaba. Shi kuwa, kafin ya sa lambar tasha, wato lambar ofishinsu, kafin ya sa saniya ko ɗaya, sai ya buɗe saƙon kamar yadda aka koya wa ɗan gidan mutunci:

"Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri, ina fata kuna lafiya kamar yadda muke nan lafiya. Ya aiki, ya zafi, ya jama'a? Daga naku har kullum, Injiniya Ɗanmaliki, Babban Jami'in Sarrafa Bayanai na Karaye da Kewaye."

"Kwamfuta ma tana da manyanta," yakan ce wa duk wanda ya tsaya kusa. "Ƙarama ba ta afka wa babba haka nan kamar tunkiya ta faɗa rumfar mai gishiri. Abin da Bature ya manta bai sa a littafi ba, ni na cike shi."

Bayan an gama, allon sai ya rubuta da Turanci cewa an aika. Injiniya ya shafa fatiha. Sannan a ɗauki kwafin takarda a miƙa wa Ɗantala direba ya sauke a hedikwata, don ajiya kawai, irin abin nan da doka ta ce a yi ko da ba ya da amfani. Allura kuma duk shekara tana zuwa. Wace shaida ake nema bayan wannan?

Bugu na biyu ya zo cikin 1994. An rage wahala: maimakon layi goma sha ɗaya sai ka zaɓi lamba daga jeri, kuma in tarho ya yanke sai ta ci gaba daga inda ta tsaya. Injiniya ya karɓi wannan gyara da tawali'un wanda aka bi shawararsa.

"Ni na rubuta musu," ya ce. "Na ce musu, ku dubi halin da layinmu yake ciki."

Wasiƙar tana nan a durowarsa har yau, don bai samu adireshin masu yin Gadar ba. Amma ka san manyan mutane, tunaninsu yakan riga wasiƙarsu isa. Babban abin da ya faranta masa rai shi ne bugu na biyu bai taɓa layin farko ba. Filin gaisuwa yana nan a buɗe.

Cikin wannan zaman lafiya aka turo masa Mijinyawa, a farkon 1996. Saurayi ne siriri, ɗan makiyayan Kafin Dafga, wanda ya yi shekara huɗu a jami'a yana karanta ilimin kwamfuta. Mutum ne mai yawan fargaba: in ya kulle ƙofa sai ya koma sau biyu ya taɓa kwaɗon. Injiniya ya duba takardunsa sama da ƙasa, ya yaba, sannan ya ba shi aikin da ya dace da digiri, wato yaye wa kwamfuta mayafi da safe da mayar mata da yamma.

"Jami'a ta ba ka karatu," ya ce. "Ladabin zama da na'ura a nan za ka same shi. Zuba ido, yaro."

Mijinyawa ya zuba ido. Ranar da ya fara ganin gaisuwar nan a allo, ya so ya yi magana, amma ya ce wa ransa wataƙila haka tsarin nan yake. Sabon ma'aikaci ne, kuma allura tana zuwa.

Ana cikin haka labari ya iso cewa ciwon huhu ya ɓulla a garkunan yamma, kuma yana matsowa. Hedikwata ta aiko da sanarwa: allurar bana kaɗan ce, za a raba ta daidai da adadin da kowace tasha ta shigar a rumbu kafin sha biyun ranar Alhamis. Daga yanzu kuma an daina karɓar takarda, sai ta Gada kawai. Tare da sanarwar aka haɗo faifai uku da ɗan littafi: Gada bugu na uku.

Wanda ya san makiyayi ya san ba ya faɗin yawan shanunsa. Kakanninsa sun ga jangali, shi kuma yana tsoron baki. Ka tambaye shi, sai ya ce 'yan kaɗan ne, Allah ya yi albarka. Shekara da shekaru ana rubuta rabin gaskiya, a yi wa rabin garke allura. Bana rabi ba zai tsare kowa ba. Mijinyawa ya hau mashin ya tafi Kafin Dafga, ya durƙusa gaban ƙanin mahaifinsa, Arɗo Hammawa, ya yi masa bayani har muryarsa ta dushe.

Tsohon ya daɗe yana kallonsa. "Ka san abin da kake roƙo? Ko matata ba ta san adadin shanuna ba."

"Na sani, Baffa."

"In na sa mutane suka buɗe bakinsu, sannan allura ba ta zo ba, ba kai za su kalla ba. Ni za su kalla."

"Za ta zo, Baffa. Na ɗauki alkawari."

Cikin kwana huɗu Arɗo ya zaga ruga ashirin da uku a ƙafa. Aka faɗi gaskiya cikin raɗa, kowa yana waige. Mijinyawa ya dawo Karaye da takardun a cikin rigarsa, yana jin su kamar garwashi.

Ya tarar Injiniya ya riga ya yanke wa bugu na uku hukunci. Ya buɗe littafin, ya ga hoton allon aikawa: akwati ɗaya na lambar tasha, madanni ɗaya na aikawa, shi ke nan.

"Ina wurin sallama?" ya tambayi ɗakin. "Babu. Ka ga inda duniya ta nufa? Wai kuma da ɓera ake tuƙa ta." Ya nuna ɗan abin nan mai wutsiya da ake ja a kan tebur, wanda ya zo tare da kwamfutar, yake kuma aikin danne takardu tun ranar. "Abin da kowane mai sayar da rake zai iya latsawa ba ilimi ba ne. Wannan bugu na marasa kunya ne. Ba a ofishina ba."

Faifan uku suka samu aiki a ƙarƙashin kofin shayinsa. Littafin kuwa Mijinyawa ya ɗauka ya fita da shi gindin darbejiya.

Shafi na biyu jerin gyare-gyare ne. Yanzu ana iya aikawa kai tsaye daga jadawalin da aka cika a ƙaramar kwamfuta, ba sai an sake bugawa ba. Yanzu Gada tana duba kuskure kafin saƙo ya tashi. Aikin yini ya koma na minti biyar. Sai gyara na huɗu, wanda Mijinyawa ya karanta sau uku. A bugu na ɗaya da na biyu, in allo ya ce an aika, ma'anarsa saƙo ya bar teburinka ne kawai. Uwar kwamfuta kuwa, duk saƙon da layinsa na farko ba lambar tasha ba ce, jefar da shi take, ba ta cewa uffan. Bugu na uku ne ya fara kawo amsa: an karɓa, ko an ƙi.

Mijinyawa ya rufe littafin. Ya koma ciki, ya tuɓe takalmi, ya rusuna.

"Ranka ya daɗe, akwai wani ɗan abu a littafin nan game da layin farko."

"Layin farko nawa ne."

"Haka ne, Yallaɓai. Sai dai sun ce wai in ba lamba ba ce a wurin, wai can ɗin ba ta..."

"Ba ta me?"

"Ba ta karɓa, ranka ya daɗe."

Injiniya ya yi murmushin tausayi irin na likita. "Shekara nawa ina aikawa?"

"Biyar."

"Allura ta taɓa fashi?"

"Ba ta taɓa ba."

"To. Littafi na mutanen da Kano ba ta sani ba ne. Je ka goge fanka."

Ranar Litinin aka aika shanun Kafin Dafga da bugu na biyu. Saboda girman lamarin, Injiniya ya ƙara wa gaisuwar layi biyu, har da jajen ciwon da ya ɓulla. Allo ya ce an aika. Aka shafa fatiha. Mijinyawa ya shafa tare da kowa.

Talata da sassafe ya ari mashin ya kama hanyar Rogo, inda Shirin yake da wata tasha. Mai kula da kwamfutar can Malama Khadijatu ce, tsohuwar mai buga tafireta, wadda ba ta da kwat, ba ta da laƙabi, kuma ana shiga ɗakinta da takalmi. Ya same ta tana ɓare gyaɗa a gefen tebur.

"A'a, ɗan gidan Liman! Ya Karaye, ya manya? An bar ka ka taɓa ta kuwa, ko har yanzu mayafi kake yayewa?"

"Har yanzu mayafi ne, Malama. Kin sa bugu na uku?"

"Tun ranar da ya zo. Na aika na Rogo ruwan shayina bai tafasa ba. Ni da a da sai in yini ina bugawa, in tashi wuyana ya sage. Wallahi wanda ya yi gyaran nan Allah ya ji ƙan iyayensa."

"Ana iya ganin tashoshin da nasu ya shiga?"

Ta ja ɓeran, ta latsa. Jerin sunaye ya fito. Mijinyawa ya bi shi da yatsa daga sama har ƙasa, ya sake hawowa. Babu Karaye.

"Au, ba ka sani ba?" Khadijatu ta ce, ta ga yadda fuskarsa ta yi. "Ai ƙawata Barira ce take buga naku a hedikwata. Takardar da Ɗantala yake kaiwa, ita take zama ta shigar da hannu, tun shekarar farko. Sun ɗauka injinku ne ya lalace."

"Ba wanda ya gaya masa?"

"An taɓa rubuta masa layi biyu ana tambaya ko lafiya. Ya mayar da amsa shafi shida, har da tarihin kakansa. Daga nan aka ce a bar Barira ta ci gaba, ya fi sauƙi. To bana an hana ta. An ce wanda bai shigo ta Gada ba, shanunsa su sha iska."

"Ki taimake ni ki aika daga nan."

"Da zan iya da na yi tun kafin ka zauna. Na Karaye sai daga kwamfutar Karaye. Mabuɗi kuma ka san wuyan da yake." Ta tura masa gyaɗa. "Ci, kada ka faɗi a hanya. Ka ga, ɗan'uwa, mutumin nan ba a tura shi. Ja ake yi."

Ta miƙa masa takardar da furinta, wato injin buga takarda, ta fitar mata ranar da ta aika. Shaidar karɓa ce daga Kano, kuma a samanta ga sunan mai aikowa da manyan baƙaƙe. Mijinyawa ya kalli sunan kawai, bai karanta sauran ba. Wannan shi ne kuskurensa, kuma har yau in ya tuna sai ya ji zufa a ƙeyarsa.

Laraba ya ajiye takardar a teburin Injiniya kamar wanda ya manta da ita.

"Mene ne wannan?"

"Ba komai, ranka ya daɗe. Wai sabon bugun nan, uwar kwamfuta da kanta take rubuto sunan wanda ya aika. Mutanen Rogo har sun sa tasu a firam. Suna cewa wai a yankin nan su kaɗai Kano ta sani da suna."

Injiniya ya ɗaga kofin shayi, ya zaro faifan uku, ya goge su da gefen kwat.

"Na yi nazari," ya ce. "Bugun nan yana da rashin kunya, amma yana da gaskiya. Dama ni na ba su shawarar su riƙa rubuto suna. Sa shi. Gobe za mu sake aikawa a gaban jama'a, don tarihi."

"Ko mu aika yau, Yallaɓai? Minti biyar ne."

"Tarihi ba ya faruwa ranar Laraba. Ka kai wa Arɗo goron gayyata."

Alhamis tun ƙarfe tara aka jera benci a tsakar ofis, aka fito da kwamfutar baranda, aka ja mata waya ta taga. Arɗo Hammawa ya zo da dattawa bakwai, suka zauna da sandunansu a kan gwiwa. Direbobin tasha suka zo kallo. Khadijatu ma ta zo daga Rogo, ta ce ita wannan ba za a ba ta labari ba. Injiniya ya fito da sabon nakatayal, ƙarfe goma da rabi, ya fara jawabi.

Ya fara daga ƙirƙirar lissafi. Ya biyo ta kan Larabawa, ya yaba musu, ya ɗan tsaya a kan Turawa, ya nuna inda suka gaza. Sha ɗaya da kwata ya iso shekarar 1991. "A lokacin nan," ya ce, "Karaye tana cikin duhu, Kano tana cikin haske, babu mai haɗa su. Sai Allah ya dubi yankin nan." Ya ɗan sunkuyar da kai don jama'a su gane wanda aka dubo da shi.

Mijinyawa yana tsaye kusa da kwamfuta, idonsa a kan agogon bango. Sha biyu saura ashirin da biyar. Saura ashirin. Ya yi gyaran murya, ba a kula ba. Ya kalli baffansa, ya ga tsohon ma shi yake kallo, sai ya mai da ido ƙasa.

Saura kwata Injiniya ya zauna. Ya kama ɓeran da yatsa biyu kamar mai ɗaukar mushe. Mijinyawa ya nuna masa akwatin lambar tasha. Injiniya ya gyara zama, ya fara buga sallama. Kwamfuta ta yi ƙara, akwatin ya ƙi karɓar ko harafi ɗaya. Ya sake. Ta sake ƙara, ta rubuta cewa lamba huɗu kawai ake so a nan.

"Kun gani?" ya juyo ga jama'a. "Abin da nake faɗa ke nan. An toshe ƙofar ladabi. To ni ba a haife ni a kan hanya ba. In ba za ta rubutu ba, za ta faɗu."

Ya miƙe, ya gyara kwat, ya fuskanci allon, ya ɗan rusuna. Da murya mai kai wa bakin titi ya gaida uwar kwamfutar Kano. Ya tambaye ta aiki, ya tambaye ta zafi, ya tambayi jama'arta ɗaya bayan ɗaya, manya da ƙanana. Ya ba ta haƙuri a kan halin 'yan zamani. Dattawan Kafin Dafga, da yake mutanen kirki ne, suka riƙa amsawa da "lafiya lau" a madadinta, don kada a bar bawan Allah yana magana shi kaɗai.

Saura minti huɗu. Mijinyawa bai san lokacin da hannunsa ya kai ba. Ta bayan gwiwar hannun Injiniya ya buga lamba huɗun, ya ja ɓeran, ya latsa. Ɗan akwatin da ke haɗa kwamfutar da layin tarho ya yi kukansa na gyare. Wani layi ya fara tafiya a allon, a hankali, a hankali, ya tsaya a tsakiya. Mijinyawa ya kalli agogon bango. Layin ya motsa, ya cika. Furinta ta fara ƙara daidai lokacin da Injiniya ya kai "wassalam".

"Kun ji?" ya ce. "Ko rufe baki ban yi ba ta amsa."

Ya yage takardar, bai ko kalle ta ba, ya miƙa wa Mijinyawa ta saman kafaɗa. "Karanta musu. Ka fassara da Hausa, ka fassara da Fillanci. Kada ka rage komai."

Mijinyawa ya karanta layin farko: an karɓi shanun Karaye, ruga ashirin da uku, sha biyu saura minti ɗaya. Ya faɗa da Hausa, ya faɗa da Fillanci. Dattawa suka yi hamdala. Arɗo ya gyaɗa kai sau ɗaya, kuma wannan gyaɗawar ta ishi Mijinyawa har ƙarshen shekara.

"Ci gaba," Injiniya ya ce. "Sunan."

"Mai aikowa, Injiniya Ɗanmaliki."

Aka yi tafi. Injiniya ya ɗaga hannu yana roƙon a sassauta.

"Shi ke nan, ranka ya daɗe."

"Ina ganin rubutu a ƙasa. Na ce kada ka rage."

"Yallaɓai, wannan bayanin ofis ne."

"Yaro, ba a ɓoye wa jama'a yabo. Karanta."

Ashe bugu na uku yana da gyara na biyar, a shafin da Mijinyawa bai kai ba: ranar da tasha ta fara aiki da shi, uwar kwamfuta takan haɗo mata tarihinta gaba ɗaya. Ya nemi Khadijatu da ido. Ta ja mayafi ta rufe baki, kafaɗunta suna girgiza. Ya karanta, don ba shi da wurin gudu.

"Saƙonnin da wannan tasha ta aiko daga 1991 zuwa yau, ɗari biyu da goma sha uku. Waɗanda aka ƙi saboda layin farko ba lambar tasha ba ce, ɗari biyu da goma sha biyu. Waɗanda aka karɓa, ɗaya."

"Da Fillanci fa?" wani direba ya ce daga baya.

Ba a buƙaci Fillanci ba. Injiniya ya tsaya da hannunsa a sama, inda tafi ya bar shi. Bakinsa ya buɗe don jawabi, karo na farko a tarihin Karaye jawabin bai fito ba.

Arɗo Hammawa ya dogara sandarsa ya miƙe. Shi ba mutumin dariya ba ne, kuma bai yi ba. Ya matso, ya ba Injiniya hannu biyu cikin girmamawa, ya gode masa a kan allurar. Sannan ya tambaya a hankali, irin tambayar mai son ya fahimta:

"Injiniya, gafarta mini, ni ban yi boko ba. Wato duk gaisuwar nan ta shekara biyar, ba a taɓa amsa maka ba?"

Injiniya ya ce wani abu game da layin tarho.

"Allah Sarki," Arɗo ya ce, yana gyara rawaninsa. "Kai kam kana da haƙuri. Mu a ruga, in ka yi sallama sau uku ba a amsa ba, leƙawa kake ka ga ko da mutum a gidan."